Ɗakin gilas da murhun dutse a ƙasar Nijar? Jama'a, mu yi wa kanmu faɗa

 Yau maganar gini za mu yi, kuma na san wasu za su ji haushi. To, a yi haƙuri. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai wasu hotuna da suka daɗe suna yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp. Ɗaki ne, bangonsa gilas, rufinsa gilas, an cika shi da tsirrai masu faffaɗan ganye kamar an shiga kurmi. Ga kujeru na saƙa, ga matasai masu zanen ganyen ayaba, can a tsakiyar bango kuma ga murhun jin ɗumi na dutse, wuta tana ci a ciki. Hoton yana da kyau, ba wanda ya musa. Abin damuwar shi ne, hoton ya fara fita daga cikin waya yana shiga hannun magina. Mutum ya sha wahala shekara da shekaru ya sayi fili, ya tara kuɗin gini, sai ya kira magini ya miƙa masa waya ya ce, "Irin wannan nake so a gefen salon." Shi kuwa magini abincinsa yake nema, sai ya ce, "An gama, Alhaji."

Maganata a taƙaice ita ce: wannan ɗaki magani ne na ciwon da ba mu da shi. Wanda ya gina shi a nan ya gina tanda da kuɗinsa, kuma zai yi ta biyan kuɗin sanyaya ta har ƙarshen rayuwar gidan.

Bari mu fara da inda abin ya fito, don kada a ce hassada ce. Turawan ƙasashen sanyi ne suka ƙirƙiro shi, kuma suna da hujja. A Landan, ranar watan Disamba ba ta kai awa 8 ba, kuma ko da tsakar rana, rana ba ta ɗagowa sosai daga ƙasa, tana nan can gefe kamar hantsi. Lemo ba ya iya wuce hunturunsu a waje, sanyi kashe shi yake. Shi ya sa Sarki Luwi na 14 na Faransa ya sa aka gina wa itatuwan lemonsa gida na musamman a fadar Versailles tsakanin 1684 da 1686, mai manyan tagogi suna kallon kudu inda rana take, mai kaurin bango kusan mita 5. Itatuwan suna cikin akwatuna, in sanyi ya zo a shigar da su, in ya wuce a fitar. Daga baya Ingila ta soke harajin gilas a 1845, gilas ya yi araha, sai gidan tsirrai na gilas ya zama abin yayi. A lambun Kew na Landan an gama wani katafaren gidan gilas a 1848 don itatuwan ƙasashen zafi, kuma sai da aka sa tukwanen wuta masu aiki da kwal a ƙarƙashinsa kafin itatuwan su rayu. Daga nan ne attajirai, sannan masu matsakaicin hali, suka riƙa liƙa ƙaramin ɗakin gilas a jikin gidajensu, a sha shayi a ciki, a ga kore alhali ƙanƙara na zuba a waje.

Kun ga ke nan duk abubuwa ukun da ke cikin hoton amsa ɗaya suke bayarwa. Gilas don a kama ranar da ta yi ƙaranci. Murhu don a kori sanyi. Tsirran ƙasashen zafi don a yi mafarkin ƙasar da ba a cikinta. Mutumin da ke zaune a wannan ɗaki, zafi yake kewa. Mu kuwa da muke kwana cikinsa muke tashi cikinsa, me muke kewa? Inuwa, da iska, da ruwan randa mai sanyi.

Su kansu masu abin sun san sharrin gilas in rana ta buɗe. Lokacin da Joseph Paxton ya gina babban zauren baje koli na gilas a Landan a 1851, sai da aka lulluɓe rufinsa da farin ƙyalle don rage zafi da haske. A Landan fa ke nan. A Amurka ma, jihar Arizona mai zafi irin namu tana da nata ɗakin da ake kira ɗakin Arizona: rufi mai inuwa, gefe kuma raga ce da iska ke ratsawa, sauro ba ya shiga. Kafin zuwan kilim a nan suke kwana lokacin zafi. Su da suka san zafi raga suka sa. Mu kuma mun tsallake na Arizona mun je mun ɗauko na ƙasar ƙanƙara.

Yanzu mu yi lissafi, don lissafi ba ya son kai. Maradi da Yamai da Damagaram suna kan layi na 13 zuwa 14 arewa da tsakiyar duniya, Tawa ta kusa 15. Landan tana kan na 51. A wurinmu, wajen ƙarshen watan Afrilu da tsakiyar watan Agusta, rana tana tsayawa tsaye cak bisa kai da azahar. Ko a Disamba ma ranarmu ta wuce awa 11. In gari ya yi garau, da tsakar rana kowane murabba'in mita ɗaya yana karɓar zafi kusan wat 1000. Ɗauki ɗaki mai mita 4 a mita 5, ka yi masa rufin gilas: murabba'in mita 20 ke nan, wato kusan wat 20,000 na sauka bisa kansa. Farin gilas na kasuwa yana barin kusan kashi 80 cikin 100 ya wuce. Hasken ya shiga, ya bugi daɓe da kujeru da bango, ya koma zafi, kuma gilas ya hana iskar da ta ɗau zafi fita. Duk wanda ya taɓa barin mota a rana a watan huɗu, gilas a rufe, ya dawo ya kama sitiyari, ya san abin da nake nufi. Kilim mai ƙarfin doki ɗaya da rabi abin da take iya cirewa bai wuce wat 3,500 ba. Kai da kanka raba ka gani: kilim huɗu zuwa biyar don ɗaki guda, ɗakin da ba na kwana ba, na hira kawai.

Wani zai ce ai shi bango kaɗai zai yi na gilas, rufi dal ne ko kwano. To, ya rage, amma in bangon ya kalli yamma, daga azahar zuwa magariba rana za ta shigo masa kai tsaye, daidai lokacin da gari ya fi zafi. A Yamai, a watan Afrilu, zafin rana a inuwa yana kai digiri 41 a mafi yawan ranaku, wani lokaci ya wuce. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5, cikin watan azumi. Zafi irin wannan yana kashe tsofaffi da jarirai da masu hawan jini. Ba abin wasa ba ne mutum ya ƙara wa gidansa wuta da hannunsa.

Kuma ita kilim ɗin, da me take aiki? Da wutar da ba mu da tabbacinta. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke layin da a wancan lokaci yake ba mu kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha, sai a watan Maris na 2024 aka maido. Gidan da ke da kaurin bango da rumfa da itace a tsakar gida ya wuce wannan lokaci da wahala, amma ya wuce. Ɗakin gilas kuwa, minti kaɗan bayan an ɗauke wuta ba mai iya zama cikinsa. Gidan da ba ya zaunuwa sai da wuta, jingina ce aka yi da shi, ko mai shi bai sani ba. Ko dai faktir ɗin wuta kowane wata, ko kuɗin gazuwal na gurup, ko tulin faranti na sola da batura. Ɗaya dai dole.

Mu zo kan murhun dutse. Nan ne abin ya fi ban mamaki. Eh, muna da hunturu, kuma wanda ya kwana a Tawa ko Damagaram cikin Janairu ya san sanyin asuba na shiga ƙashi. Amma kwana nawa ne? Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, kuma da hantsi ya ɗaga an cire rigar sanyi. Don waɗannan ƴan safiyoyi ne za a tara tan-tan na dutse a cikin ɗaki? Dutse yana shan zafi yini guda, ya riƙa sakinsa cikin dare. A ƙasar sanyi wannan alheri ne. A ɗakin da rana ke shiga ta gilas a ƙasarmu, dutsen nan zai yi ta hura maka zafi bayan isha'i wata tara zuwa goma a shekara, ba tare da ka kunna ko ashana ba.

In kuma ka kunna shi, ka sani cewa buɗaɗɗen murhu irin na hoton nan ɓarnar itace ne. Mafi yawan zafin ta bututun hayaƙi yake gudu, abin da ke zama cikin ɗaki bai cika wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ba. Su Turawan ma da yawa sun toshe nasu sun koma murhu mai ƙofa ko gas. Sannan bututun hayaƙi gini ne mai ƙa'ida: tsawonsa, faɗinsa, da wuyansa duk sai sun dace da bakin murhun, in ba haka ba hayaƙi cikin ɗaki zai dawo. Maginanmu gwanaye ne a abin da suka gada da abin da suka koya, amma wannan ba ya cikin aikin da suka saba. Kuma wanda bututunsa bai ja ba, gobe zai ce a zuba gawayi, a rufe ƙofa don ɗumi ya zauna. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, mutum ya yi barci bai farka ba. Kowane hunturu ana gargaɗi kan wannan.

Itacen kuma daga ina? Daga dajin da mata ke yin tafiyar awoyi kafin su samo na tuwo. Daga motocin da ke shigowa birane dare da rana an lafta musu itace. Manoman jihar Maradi, tun daga 1983 da aka fara sassaben zamani, da na Magarya da Matamai masu renon gawo a gonakinsu, su ne suka sa duniya ke maganar Nijar da girmamawa: itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Talaka ya raini itace reshe-reshe shekara 40, mai hali ya ƙone shi don ado? Gwamnati na ta kiran a koma gas don a huta da daji, mu kuma muna gina sabon bakin da zai ci itace. Wanda kuma ya ce shi ba zai taɓa kunna murhun ba, ado ne kawai, to ya amsa da bakinsa cewa ya kashe kuɗin da zai yi rijiya ko rumfa a kan ramin da ƙura da gizo-gizo za su zauna.

Saura tsirrai. Mai ganye tsage-tsage da ake kira monstera, asalinsa kurmin kudancin Meziko ne da Amurka ta Tsakiya, a ƙarƙashin manyan itatuwa yake rayuwa, cikin inuwa da laima. Ɗan kwakwar ado da ake kira areka daga Madagaska yake. Su duka iska mai danshi suke so. Mu kuwa in buji ya taso, leɓe ma tsagewa yake, balle ganye. Sai an yi ta ban ruwa, ana fesawa, ana goge ƙura. Gilas ɗin kansa, a lokacin hazo, in ka wanke da safe kafin la'asar ya koma ja. Da wane ruwa? Mutumin Damagaram ba ya bukatar a ba shi labarin matsalar ruwa, ya san kuɗin jarka, ya san layin famfo, ya san jiran ɗan garuwa. A ƙarshe abin da ke faruwa sananne ne: tsirran su bushe, a je a sayo na roba, a jera a ɗakin da ba a iya zama. Zanen aro ba ya rufe katara.

Na san amsoshin da za su zo a ƙasan wannan rubutu. Na farko: "Kuɗina ne, ina ruwanka?" Gaskiya ne kuɗinka ne, Allah ya ƙara buɗi. Amma tiransifoman unguwa ba naka ba ne kai kaɗai. In kilim ɗinka biyar suka tashi da azahar, wutar maƙwabci ce ke raguwa, firijin mai sayar da ƙanƙara ne ke tsayawa. Zafin da kilim ke fitarwa, da hasken da gilas ke maidowa, a lungu suke sauka. Kuma a garuruwanmu abin da Alhaji ya gina shi ƙaramin ma'aikaci ke kwaikwaya, shi kuma ba shi da kuɗin gurup.

Na biyu: "Kana so mu koma laka, ga ruwa na rushe gidaje?" Wannan magana tana da nauyi, ba za a raina ta ba. Daminar 2024 ta rushe dubban gidaje, jihar Maradi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma a watan Satumba na shekarar tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya faɗi. Wanda ya kwana a makaranta da iyalinsa don ɗakinsa ya zube yana da haƙƙin ya ce siminti yake so. Amma abin da ke kayar da ginin ƙasa sananne ne: rashin tushe na dutse ko siminti, gini a hanyar ruwa, indararo da ya toshe, da barin yaɓe shekara da shekaru. Maganin waɗannan shi ne tushe mai ƙarfi, rufi mai baki da ke kare bango, da magudanar ruwa. Gilas ba ya cikin jerin. Kuma ba wanda ya ce kada ka yi siminti. Yi siminti, amma ka yi inuwa.

Na uku: "Ci gaba ne, haka duniya take yanzu." To bari mu duba abin da duniyar ke yabawa. Masallacin Yama na jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Tsohon garin Agadas, da hasumiyarsa ta laka mai mita 27, ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Ƴar ƙasarmu Mariam Issoufou, tare da abokan aikinta, ta gina gidajen zamani na Niamey 2000 a Yamai a 2016 da bulon ƙasa da aka danne da inji, sannan masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a 2018. A kasuwar Dandaji ɗin ma, abin da ta ƙawata wurin da shi faya-fayan ƙarfe ne masu launi da ke ba da inuwa. Maƙwabcinmu Francis Kéré na Burkina Faso ya ci kyautar Pritzker a 2022, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gini, kuma ya fara ne da makarantar ƙauyensu Gando a 2001: bangon ƙasa, rufin kwano da aka ɗaga sama don iska ta ratsa tsakaninsa da silin. Turawa suna biyan kuɗin jirgi su zo su koyi yadda ake korar zafi, mu muna biyan kuɗin kwantena mu shigo da abin kama shi.

To me za a yi? Ai abin da mai hoton nan ke so ba laifi ba ne. Yana son wuri mai haske, mai kore, mai kyau, inda zai zauna da iyali ya karɓi baƙi. Wannan ana samunsa a nan, da rabin wahala. Ka yi baranda mai zurfi, aƙalla mita 3, ta kalli arewa ko kudu, kada ta kalli yamma. Rufinta ya yi tsawo, da silin a ƙarƙashin kwano da sarari a tsakani don zafi ya fita. Maimakon gilas, sa raga ta sauro da bulo mai huji-huji, haske ya shigo a tace, iska ta wuce. In kana son gilas, sa shi ƙarami a inda inuwar rufi ke rufe shi, da labule ko asabari daga waje, don zafin da ya riga ya ratsa gilas ya riga ya shiga. A gefen yamma dasa bedi ko mangwaro, shekara kaɗan ka sami abin da kilim ba ta bayarwa. Kore kuma, nemi wanda ya san ƙasar: lemon tsami, gwaba, rumman, lalle, zogale, fulawar bugenbil ta hau raga ta yi maka bango mai ja da fari.

Ado fa? Tabarmar kaba ta Madawa, randa da tulun Miriya, tintimin fata na dukawanmu, ƙwarya mai zane, luru ko gwado a jingine don hunturu. A bango, a kira mai zanen da ya iya irin na gidajen Birni na Damagaram, kafin masu wannan sana'a su ƙare ba magaji. In kana son dutse, sa shi a tushe da gindin bango inda ruwa ke ci, nan ne amfaninsa. In sanyin Janairu ya zo, kaskon wuta a buɗaɗɗiyar baranda ya isa, a ɗora shayi a kai, in an gama a fitar da shi waje a kashe. Kakanninmu da suka yi zaure mai kauri da ƙaramar taga da rumfa a tsakar gida ba rashin wayewa ya sa su ba, sun karanci rana ne.

Kira na musamman ga maginanmu da masu zanen gini: in an miƙo muku waya, ku faɗi gaskiya kafin ku karɓi kuɗin somin aiki. Ku tambayi mai gida, "Alhaji, ina yamma take a filin nan? Ranar da aka ɗauke wuta a watan huɗu, wa zai zauna a nan?" In ya nace, kun fita haƙƙinsa. Ku kuma iyayenmu mata da ƴan uwanmu mata, ku ne ke yini a gida, ku za ku goge gilas ɗin, ku za ku sha zafin. Ku sa baki tun ana kan takarda, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ke da baranda ko rumfa mai sanyi a gidansa, ya turo hotonta a nan ƙasa, ya faɗa mana ina ta kalla da abin da ya dasa, masu shirin gini su gani su ɗauka. Allah ya ba mai nema, ya sa mu gina abin da za mu iya zama a ciki.